Ƙiba, Motsa Jiki Da Riƙon Fitsari Ga Mata

Akwai wata damuwa da mata da yawa ke fama da ita a ɓoye. Mace ta yi tari, ko atishawa, ko ta ƙyalƙyale da dariya a gidan biki, sai ta ji fitsari ya kuɓuce mata ba da nufinta ba. Wani lokaci ɗigo biyu ne ko uku. Wani lokaci har ya jiƙa zane. Ba ta gaya wa mijinta, ba ta gaya wa abokiyar zamanta. Ko uwar da ta haife ta ma, sai ta ji nauyin faɗa mata.

Sannu a hankali sai ka ga ta rage shiga mutane. An yi suna a maƙwabta, ta aiki yarinya. An yi rasuwa a ƙauyen gaba, ta ce ƙafa ke mata ciwo. In ta zo aji, can baya ta ke zama kusa da ƙofa, ana tsakiyar karatu ta sulale. Ga wankin zane kullum, ga shakkar tsarki in lokacin salla ya yi. Mun san zancen yana da nauyi, ku gafarce mu. Amma abin yana da dabaru, yawancinsu kuwa ba sai da kuɗi ba. Don haka muka sa shi cikin littafin karatu, domin kowace mace ta karanta da kanta, ba sai ta tambayi kowa ba.

Kada wadda abin ya sama ta zaci ita kaɗai ce. A ƙasar Norwe, can arewacin Turai, tsakanin 1995 da 1997, an tambayi mata 27,936 a lardi guda. Kashi 25 cikin 100 suka ce fitsari yana kuɓuce musu. Watau in mata huɗu suka zauna a tabarma ɗaya, ɗayarsu ke nan. Ba kuma sabon abu ba ne. Malaman fiƙihu sun daɗe da saninsa, har a cikin Risala an ambace shi, kuma addini ya yi wa mai shi sauƙi game da alwala. Wadda shakka ke damunta sai ta tambayi malamar da ta amince da ita.

Wannan ba yoyon fitsari ba ne

A ƙasarmu in an ce mace tana zubar da fitsari, hankalin kowa sai ya tafi ga yoyon fitsari. To, a rarrabe. Yoyon fitsari huji ne. Yawanci doguwar naƙuda ke kawo shi. Mace ta kwana biyu ko uku a durƙushe, kan ɗa ya danne nama a jikin ƙashi, har wurin ya mutu ya ɓule tsakanin mafitsara da gaban mace. Yankan gishiri ma yana kawo shi. Mai yoyo ba ta da hutu. Dare da rana, a tsaye ko a kwance, fitsari yana ta zuba.

Irin wannan ba ya jin rage ƙiba, ba ya jin motsa jiki. Ɗinki a ke yi masa, kuma dubban mata sun warke. Akwai babban asibitinsa a Babbar Ruga ta Katsina, akwai a Ningi ta Jihar Bauci, akwai sashen Laure a Asibitin Murtala na Kano. A Nijar kuma akwai a Danja, kusa da Maraɗi. Duk wadda fitsari bai tsaya mata ba tun bayan wata haihuwa mai wuya, a kai ta can, kada a ɓata lokaci.

Wadda mu ke zance a kanta yau ba ta da huji. Tana riƙe fitsarinta, tana zuwa bayan gida kamar kowa. Riƙon ne ya yi sako-sako. Shi ma iri biyu ne. Na fari shi ne wanda ke fita sa'ad da aka yi tari, ko dariya, ko tsalle, ko aka ɗaga kaya. Shi ya fi yawa. Na biyu kuwa, fitsari ne ke matso mace farat ɗaya, kafin ta ɗauki buta ta kai bayan gida ya zubo. Waɗansu mata suna da duka biyun.

Salka da ragaya

Bari mu duba yadda jikin ya ke. Ƙoda biyu ke tace jini su fid da fitsari. A yini da kwana babban mutum yakan yi wajen lita ɗaya da rabi. Fitsarin ya gangara ya taru a mafitsara, can ƙasan mara. Mafitsara kamar salka ta ke. In ba kome a cikinta ta yamutse, in ta cika ta kumbura. Tana ɗaukar wajen rabin lita, watau kwatankwacin ledar ruwa guda, irin wadda yara ke talla a tasha.

Amma fa wannan salka bakinta ƙasa ya ke kallo. Tilas ke nan ɗaurin ya zama mai ƙarfi. Hanyar da fitsari ke bi ya fita, ga mace gajeruwa ce, tsawonta wajen santimita 4, bai kai ɗan yatsa ba. Ga namiji kuwa ta kai wajen santimita 20. Wannan na cikin dalilan da ya sa abin ya fi kama mata.

Kun san ragayar da a ke rataye ƙwarya a ɗaki. To, a can ƙasan ƙugu akwai wani shimfiɗaɗɗen nama, ya taso daga ƙashin mara a gaba, ya kai ga ɗan ƙashin da ke ƙarshen gadon baya. Shi ke tallafe da mafitsara, da mahaifa, da ƙarshen hanji, kamar yadda ragaya ke tallafe ƙore. Shi ne kuma ke taimakawa wajen tsuke bakin salkar. A cikin wannan darasi za mu riƙa kiransa ragayar ƙugu.

Yanzu kowa ya ɗora hannu a cikinsa ya yi tari. Kun ji yadda cikin ya ɗaure ya turo? Wannan ƙarfi ba gaba kaɗai ya ke turawa ba, har ƙasa ya ke dannawa, bisa mafitsara. In ragaya tana da ƙarfi, sai ta tsuke a daidai lokacin, ba abin da zai fita. In ta saki, sai tarin ya rinjaye ta.

Me ke sa ta saki? Ɗaukar ciki yana miƙe ta, haihuwa kuma ta daɗa miƙe ta, balle in haihuwar ta yi yawa, ko ɗan babba ne, ko naƙudar ta daɗe. Shekaru ma suna rage mata ƙarfi, musamman bayan al'ada ta ɗauke. Akwai tari na kullum, irin na mai shan hayaƙin murhu a rufaffen madafi. Akwai yunƙuri a bayan gida in ciki ya bushe. Sa'an nan akwai ƙiba. Haihuwar da aka riga aka yi ba ta komawa, shekaru ma haka. Amma abu biyu suna hannun mace: kayan da ke bisa ragaya, da ƙarfin ragayar kanta.

Kayan da ba a saukewa

A wurinmu ƙiba abin yabo ce. In amarya ta yi wata uku ta cika ta yi ɓul-ɓul, sai a ce mijinta ya iya kiwo. In mace ta rame, sai dangi su fara tambaya ko lafiya. Ba mu ce babu gaskiya a ciki ba, gama rama sau da yawa alamar ciwo ce ko rashi. Amma ƙiba in ta wuce kima ita ma kaya ce.

Ku lura da wannan. Mace ta ɗauko jarkar ruwa daga rijiya, in ta iso gida sai ta sauke ta huta. Kitsen ciki ba a sauke shi. Tana tsaye yana danne mafitsara, tana zaune yana danne ta, tana tafiya yana jijjiga a kanta, yau da gobe, shekara da shekaru. Likitoci sun auna sun ga ƙarfin dannawar da ke cikin cikin mai teɓa ya fi na marar teɓa, ko da ba ta yin kome. Ragayarta ke nan ta riga ta gaji tun kafin tari ya zo. Ɗan ƙarin da tarin zai yi shi ke cika mudu. Har wa yau ƙiba tana jawo ciwon sukari, shi kuwa yana sa yawan fitsari, in ya daɗe kuma ya taɓa jijiyoyin mafitsara.

To, in an rage kayan, ragaya za ta samu sauƙi? An gwada. A Amurka likitoci suka tara mata 338 masu ƙiba, kowace fitsari yana kuɓuce mata aƙalla sau 10 a mako. Aka raba su biyu ta hanyar ƙuri'a. Dukansu an ba su ɗan littafi mai koyar da dabarun riƙon fitsari. Amma mata 226 aka ƙara musu da horon rage ci da yawan tafiya har wata 6. Sauran 112 ɗin darussan lafiya kawai aka yi musu. An buga sakamakon a 2009. Na farkon sun sauke wajen kilo 8 kowace, in an yi raba-daidai, kuma kuɓucewar ta ragu musu da kashi 47 cikin 100, kusan rabi ke nan. Na biyun sun sauke kilo ɗaya da rabi, tasu ta ragu da kashi 28.

Abin da mu ke so ku riƙe shi ne, matan nan ba su zama sirara ba. Sun fara da wajen kilo 97, sun gama da wajen kilo 89. Har yanzu manyan mata ne. Ɗan abin da suka sauke shi ya yi aiki. Likitoci sun ce in mai ƙiba ta sauke kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyinta, za ta ga bambanci. Bari mu yi lissafi. Mace mai kilo 80, kashi 10 na nauyinta kilo 8 ne, kashi 5 kuwa rabin haka, kilo 4. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Kilo 4 ke nan nauyin ledar ruwa 8. Ku ƙulla leda 8 a zane ku ɗaura a ciki ku yini da su, za ku san abin da ragaya ke ɗauka. Sai dai ba dukansu suka warke sarai ba, kuma in nauyin ya dawo amfanin yakan ragu.

Yaya mace za ta san ko ƙibarta ta wuce kima, alhali ba ma'auni a ƙauyen? Da igiya. Ta tsaya a miƙe, wata ta auna tsawonta da igiya daga tsakar kai zuwa diddige, a yanke. Sai a ninka igiyar biyu, a zagaya ta a ciki, ɗan sama kaɗan da cibiya. Kada ta shanye ciki. In bakin igiyar biyu sun haɗu, lafiya lau. In sun kasa haɗuwa, faɗin cikinta ya wuce rabin tsawonta, kitsen ciki ya yi yawa ke nan. Wannan awo ba na mai ciki ba ne, ba kuma na sabuwar maijego ba.

A nan tilas mu ja kunne. Zancen rage nauyi ba na kowace mace ba ne. A binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Nijeriya a 2018, cikin mata masu shekara 15 zuwa 49, kashi 28 cikin 100 nauyinsu ya wuce kima, kashi 12 kuwa ramammu ne. A ƙauyukanmu na Arewa ramammun ba kaɗan ba ne. Siririyar mace ma fitsari yana kuɓuce mata, ita kuwa in ta rage ci cutar kanta za ta yi. Mai ciki da mai shayarwa su ma kada su zauna da yunwa. Nasu maganin yana gaba.

Ga wadda igiya ta ƙi haɗuwa, ba a ce ta daina cin tuwo ba. Ta fara da abin da ya fi sauƙin bari. Sukarin koko da na shayi, in cokali uku ta saba, ta koma ɗaya. Lemon kwalba guda yawanci yana ɗauke da sukarin da ya wuce ƙaramin cokali 8, ga shi ba ya ƙosarwa. Soye-soye, su fanke da ƙosai da cincin, a mai da su na jefi-jefi. Man da a ke kwararawa a shinkafa a rage. Malmalar tuwo ta ragu, miyar ganye ta ƙaru. Zogale, rama, yakuwa, kuka, kuɓewa, da wake, duk muna da su, suna cika ciki, kuma suna hana bushewar ciki. Rabin kilo a mako ya isa, ba a gaggawa.

Akwai ƙwayoyin da a ke sayarwa a kasuwa don ƙara ƙiba, waɗanda a ke kira sha-ka-fashe. Waɗansunsu magungunan wasu cututtuka ne dabam. In an daɗe ana sha sukan kumbura fuska da ciki, su jawo hawan jini da ciwon sukari. Wadda ta daɗe tana shan su kada ta yanke farat ɗaya, gama hakan ma yana da haɗari. Ta kai kwalin asibiti a nuna mata yadda za ta bari. Haka nan shayin rage teɓa da a ke talla, yawancinsa zawo da fitsari ya ke sawa. Ruwa ya ke fitarwa, kitse yana nan.

"Mu da ke daka, wane motsa jiki kuma?"

Mun san za a yi mana wannan tambaya, kuma tana kan hanya. Macen ƙauye ba ta zauna ba. Ta yi daka, ta yi surfe, ta ɗebo ruwa, ta yo itace, ga goyo a baya. Amma motsi iri-iri ne, kuma ba kowane ne ke kaiwa ga ragaya ba.

A 1994 wasu likitoci a Amurka suka tambayi 'yan mata 144 masu wasannin guje-guje da tsalle-tsalle a wata jami'a. Matasa ne ƙarfafa, ba wadda ta taɓa haihuwa. Duk da haka kashi 28 cikin 100 suka ce fitsari yana kuɓuce musu a filin wasa. Masu wasan alkafura da masu ƙwallon kwando, wajen biyu cikin kowane uku. Masu iyo a ruwa, ɗaya cikin goma. Masu wasan golf, wanda tafiya ce kawai da buga ƙaramar ƙwallo da sanda, ko ɗaya babu. Kun gani ke nan. Ƙarfin damtse da na cinya dabam, ƙarfin ragaya dabam. Kuma dirowa daga tsalle tana buga mafitsara ƙasa kamar yadda tari ke yi.

Ɗaga kaya mai nauyi ma haka ne. Jarka mai lita 25, kilo 25 ce. Sa'ad da mace ta sunkuya ta riƙe numfashi ta yunƙura ta ɗaga ta, duk ƙarfin nan ƙasa ya ke sauka. Ba za mu ce a daina ɗebo ruwa ba, wa zai ɗebo? Amma a sake dabara. A tsuguna, kada a sunkuya. A jawo kayan kusa da jiki. A tsuke ragaya tukuna, sa'an nan a miƙe ana fitar da numfashi. In akwai mai ɗora miki, ki kira ta. Sawu biyu da rabin jarka ya fi sawu ɗaya da cikakkiya, balle ga wadda ba ta daɗe da haihuwa ba.

Motsin da ke taimako shi ne tafiya, da irinta. Tana ƙona kitse, tana motsa hanji, ba ta kuma buga mafitsara. A 2007 an buga sakamakon bin sawun dubban mata manya, ma'aikatan jinya a Amurka. Waɗanda suka fi yawan tafiya, su ne wannan damuwa ta fi ƙarancin kamawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum ya samu aƙalla minti 150 a mako na motsin da zai ɗan ɗaga numfashi. Minti 30 ke nan sau 5. Ana iya rarraba shi, minti goma da hantsi, goma da la'asar, goma bayan magariba. Ma'aunin saurin shi ne, ki iya magana kina tafiya, amma waƙa ta gagare ki.

Ga tarkon da mata da yawa ke faɗawa. Don tsoron kada fitsari ya kunyata ta a hanya, sai mace ta daina fita, ta daina duk wani aiki mai motsi. Zama ya ƙara mata ƙiba, ƙiba ta ƙara danne ragaya, kuɓucewar ta ƙaru, tsoron ma ya ƙaru. Gara ta zaga bayan gida tukuna, ta sa tsumma mai tsabta ko audugar mata, ta fita ta yi tafiyarta. Wadda ba ta fita kuwa, tsakar gida ta ishe ta kewayawa da sassarfa.

Horon ragaya

Wannan shi ne na kowa da kowa, mai ƙiba da siririya, mai ciki da maijego, yarinya da tsohuwa. Ragaya nama ce, nama kuwa yana ƙara ƙarfi in ana sa shi aiki, kamar damtsen maƙeri. Wani likitan mata a Amurka, Arnold Kegel, shi ya bayyana wannan horo a 1948, har yau da sunansa a ke kiransa a asibiti. A 2018 masana suka tattara gwaje-gwajen da aka yi a kansa a ƙasashe dabam-dabam. Cikin mata masu kuɓucewar tari da atishawa, waɗanda suka yi horon, 56 cikin 100 suka ce sun warke. Waɗanda ba su yi ba, 6 kacal.

Ga yadda a ke yi, 'yar'uwa. Ki kwanta rigingine a tabarma, ki lanƙwashe gwiwoyi. Ki ɗauka kina cikin taron mutane tusa ta matso ki, kina so ki riƙe ta. Ki tsuke dubura. Sa'an nan ki tsuke gaba, kamar mai tsai da fitsari. Ki ja su duka biyu ciki, zuwa sama. Wannan abin da kika ji ya ɗaga, ita ce ragaya.

Ki riƙe kina ƙirga ɗaya, biyu, uku. Ki saki sarai, ki huta kamar tsawon haka. Sakin ma aiki ne, kada ki raina shi. Ki maimaita sau 8 zuwa 10. In kin gama, ki yi na sauri, tsuke saki, tsuke saki, sau 10. Wannan zama ɗaya ke nan. Ana son zama uku a yini. Ki ɗaura su ga abin da ba ki mantawa, misali bayan asuba, bayan azahar, da lokacin kwanciya. Kowane mako ki ƙara tsawon riƙon, har ki kai ƙirga goma. In kin gane a kwance, ki koma yi a zaune, daga nan a tsaye. Kina tankaɗe kina yi, kina kitso kina yi, ba wanda zai sani.

Kurakuran da a ke yi su ne waɗannan. Wata takan riƙe numfashi. Wata takan matse cinyoyi ko ɗuwawu, ragaya kuwa tana kwance ba ta yi kome ba. Mafi muni ita ce mai yunƙurawa ƙasa kamar mai naƙuda, wannan ɓarna ta ke yi. Ki ɗora hannu a ciki, in kin ji ya turo waje, ba daidai ba ne. Kuma kada ki mai da tsai da fitsari a bayan gida ya zama shi ne horonki, gama yana hana mafitsara zubar da abin da ke cikinta duka. In kin kasa gane wurin, ungozomar asibiti za ta iya duba ki ta nuna miki.

Akwai wata 'yar dabara mai aiki tun ranar fari. Duk sa'ad da kika ji tari ko atishawa na zuwa, ko za ki ɗaga yaro, ko za ki tashi daga kujera, ki riga shi tsukewa. Da sabo jiki zai riƙa yi da kansa.

Sai haƙuri. Wadda ta yi kwana goma ta ce ba ta ga kome ba, ta yi gaggawa. Likitoci sun ce a yi wata 3 cur ba fashi kafin a yanke hukunci. In an samu sauƙi kuma ba a bari, sai dai a rage. Maijego tana iya farawa a hankali cikin kwanakin farko bayan haihuwa, in ba ta jin zafi. Kwana arba'in ɗin nan da ta ke zaune a ɗaki, lokaci ne mai kyau.

Mai irin na biyu, wadda fitsari ke matsowa farat ɗaya, ita ma horon yana taimakonta. In ya matso, kada ta ruga. Ta tsaya cik, ta tsuke sau biyar ko shida da sauri, matsin zai lafa, sa'an nan ta tafi a natse. Sannu-sannu ta riƙa ƙara tazara tsakanin zuwa da zuwa. Ta rage goro da shayi da kofi, gama akwai wani sinadari a cikinsu mai tsokanar mafitsara. Amma kada ta ƙi shan ruwa. Mata da yawa suna haka, ga zafin ƙasarmu. Fitsari in ya yi kauri ya yi ja, ya fi tsokanar mafitsara, ya fi wari, ciki kuma ya bushe. A sha da rana sosai, a rage in dare ya yi.

Ku maza da ke karanta wannan, akwai naku. Mace ta samu wannan rauni ne yawanci wajen haifa muku 'ya'ya. Ba ƙazanta ba ce, ba kuma abin gori ba ne. Ku bar ta ta je asibiti, ku ba ta kuɗin mota. In akwai samari a gidan, jarka da itace nasu ne. Ku huda taga a madafi hayaƙi ya samu hanya.

Waɗansu alamu ba a jira wata 3 da su. In fitsari yana zafi ko yana tafe da zazzaɓi. In akwai jini a cikinsa, ko da ana zaton tsargiya ce. In mace ta ji wani abu yana saukowa ta gabanta kamar ƙwallo. In ƙishirwa ta yi yawa, fitsari ya yi yawa, ga rama. In fitsarin ya ƙi fita sai da yunƙuri. In ƙafafu ko tsakanin cinyoyi suka yi sanyi suka mutu farat ɗaya, wannan ma a ranar za a tafi. Haka kuma wadda ta yi wata 3 tana horo ba ta ga sauƙi ba, ta je. Akwai magunguna, akwai zoben roba da a ke sawa ya tallafi mafitsara, akwai kuma aiki.

Kafin ki tafi, ki samu takarda da fensir. Ki ja layi ki raba ta gida huɗu. A gidan fari ki rubuta lokaci. A na biyu, abin da kika sha da yawansa, kofi ɗaya ko biyu. A na uku ki yi alama duk sa'ad da kika je bayan gida. A na huɗu ki rubuta in ya kuɓuce, da abin da ki ke yi a lokacin: tari, dariya, daka, ko hanyar bayan gida. Ki yi haka kwana 3. In kin shiga wurin malamar asibiti, ko baki ya yi miki nauyi, miƙa mata takardar. Da ta duba za ta gane wane iri ne naki, da inda za a fara.